Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Fastoci da Dattawan Ikkilisiya: Abin da 'Ya'yanmu Ke Kewa

Iyayenmu cikin Ubangiji, fastoci, dattawa da 'yan kwamitin makarantar Lahadi,

Muna gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu. Alheri da salama su tabbata a gare ku da iyalanku. Mu malaman makarantar Lahadi ne da masu hidimar matasa. Mun rubuto ne a kan wata magana da kuka sha ji a bakin 'ya'yanku da suka girma, wataƙila har kunnenku ya saba da ita.

Maganar ita ce, "Da muna yara, Allah yana kusa." Saurayi ɗan shekara 24 ya dawo daga aiki a gajiye, ya kwanta da waya a hannu, sai wata waƙar makarantar Lahadi da ya shekara goma bai rera ba ta faɗo masa, baiti bayan baiti, har da tafin da ake yi a tsakiya. Budurwa tana wanke kwanuka, ta jiyo yaran maƙwabta suna karanto Zabura 23 baki ɗaya, sai ta tsaya cik hannunta cikin kumfa, idonta ya ciko. Da yawa cikinsu sun yi watanni ba su taka ƙofar coci ba. Wasu suna zuwa, su zauna a benci na ƙarshe, su fice kafin a sa albarka. In ka zauna hira da su ba za su ce sun bar bangaskiya ba. Za su ce abin ya yi sanyi, addu'a ta koma kamar magana da bango, kuma suna marmarin lokacin da suke durƙusawa gefen gado su faɗa wa Allah komai ba tare da shakka ba.

Mun san amsar da akan ba su. A ce shagwaɓa ce, a jawo Mai Hadishi 7:10, inda aka hana mutum tambayar abin da ya sa kwanakin dā suka fi na yanzu, a ɗora da 1 Korantiyawa 13:11, inda Bulus ya ce da ya girma ya bar halin ƙuruciya. Ayoyin gaskiya ne, kuma akwai kewar da ta cancanci tsawatarwa. A Littafin Ƙidaya 11, Isra'ilawa sun zauna a jeji suna tuna kifin Masar da kankana da albasa da tafarnuwa, suka manta da bulalar da ke tare da su. Amma Littafi Mai Tsarki ya san wata kewar dabam. Marubucin Zabura 42 yana tuna yadda yakan tafi tare da taron jama'a zuwa Haikalin Allah da sowa da waƙoƙin godiya, da wannan tunawar kuma ya lallashi ransa ya sa zuciya ga Allah. Sannan ku dubi ɗan nan na Luka 15. Ba wanda ya bi shi ƙasa mai nisa da wa'azi. Yana tsakiyar aladu hankalinsa ya komo, ya tuna cewa a gidan mahaifinsa ko barori suna ci su bar saura. Abin da ya tuna game da gida shi ya tashe shi tsaye. Da a ce gidan da ya taso a ciki gidan yunwa da tsawa ne, da ba shi da abin tunawar da zai juyo da shi.

Tarihin ikkilisiya ma haka ya nuna. Agustin, babban malamin ikkilisiya na dā, wanda aka haifa a 354 a arewacin Afirka, ya yi shekaru yana yawo tsakanin koyarwa iri-iri kafin a yi masa baftisma a Milan a 387. Shi da kansa ya rubuta cewa tare da nonon mahaifiyarsa Monika ya sha sunan Almasihu, shi ya sa duk littafin da babu wannan sunan a ciki, komai daɗinsa, bai taɓa kama zuciyarsa gaba ɗaya ba. John Newton, mutumin Ingila da daga baya ya zama fasto, bai cika shekara 7 ba mahaifiyarsa ta rasu. Ya girma a jiragen ruwa, ya shiga cinikin bayi, amma da guguwa ta kusa nutsar da jirginsu a 1748, ga Allahn da uwarsa ta koya masa ya yi kuka.

Abin da muke so ku ji ke nan. Kewar nan da matasa ke yi hanya ce ta komowa gida, kuma a ɗakin yara ake shimfiɗa ta, ɗakin da a ikkilisiyoyi da yawa shi ne na ƙarshe wajen samun benci, littafi da malami. Abin da aka zuba wa yaro shi zai tarar ranar da ya waiwaya yana babba. Tambayar ita ce ko abin da zai tarar ɗin zai iya ɗaukar nauyin babban mutum.

Bari mu yi lissafi. Shekara tana da Lahadi 52. In aka cire ranakun bukukuwa, tafiya, rashin lafiya da ranakun da malami bai zo ba, da kyar yaro ya samu 40. Awa ɗaya kowace Lahadi, daga shekara 4 zuwa 12, awa 320 ke nan, wato kwana 13 da 'yan awoyi a cikin shekara takwas. Wannan ne duka rabon makarantar Lahadi a ƙuruciyar yaro. Duk minti 20 da aka ɓata ana neman makullin ɗaki ko ana tsawata wa yara 60 da aka cusa wuri ɗaya, daga cikin kwana 13 ɗin nan aka ɗebe shi.

Saboda haka a fara da raba aji. Ɗan shekara 4 da ɗan shekara 11 ba sa cin darasi ɗaya. In an haɗa su, babban ya gaji ya fara tsokana, ƙaramin ya ruɗe ya fara kuka, malama ta ƙare da riƙe sanda maimakon littafi. A raba aƙalla uku: 4 zuwa 6, 7 zuwa 9, 10 zuwa 12. Ga ƙanana, babba ɗaya kada ya wuce yara takwas. Ga manya, goma sha biyu. In babu ɗakuna, kusurwoyi uku na fili ɗaya sun isa, kowane aji ya ba ɗayan baya. Labarin ƙanana kada ya wuce minti bakwai ko takwas a zaune, sai a tashe su su yi waƙa ko su kwaikwayi abin da suka ji. Manya za su iya minti 15 zuwa 20, muddin Littafi Mai Tsarki yana hannunsu suna buɗewa da kansu. Wannan na ƙarshe muna ƙara jaddada shi: yaron da ya kai shekara 12 bai iya nemo Ishaya ko Romawa shi kaɗai ba, in ya bar gida littafin zai zama masa kamar gari da ba shi da taswirarsa. Littattafai 66 ne, 39 a Tsohon Alkawari, 27 a Sabo. Minti uku na gasar buɗe aya kowace Lahadi ya isa ya zaunar da jerinsu a shekara guda.

Sai ayar haddacewa, inda muka fi yin asara ba tare da mun sani ba. Abin da aka saba shi ne sabuwar aya kowane mako. Yaro ya haddace ta a hanya ranar Lahadi da safe, ya faɗa, a tafa masa, a ba shi kyauta, kafin Laraba ta gudu. Tun 1885 wani Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mafi yawan abin da mutum zai manta, a awoyi da kwanakin farko yake mantawa, kuma maimaitawar da aka ba ta tazara ta fi wadda aka tara a zama ɗaya zaunar da abu. Aya 52 a shekara da ba a sake waiwayarsu ba, ruwa ne a kwando. Muna roƙon a rage zuwa aya 12, ɗaya a wata. Makon farko a warware ma'anarta kalma bayan kalma, domin yaro zai iya rera "alheri" ko "fansa" shekara biyar bai san abin da yake faɗa ba. A rubuta ta a ƙaramin kati ya tafi da shi gida, a faɗa washegari, a sake bayan kwana uku, a sake ranar Lahadi. Kowace Lahadi kuma a ware minti biyar, a zaro kati uku daga na watannin baya a bita. Da wannan tsarin, yaro zai fita da aya 96 da suka zauna daram, maimakon ɗaruruwan da suka bi iska.

A haɗa da sassa cikakku, domin su ne ke riƙe mutum a daren da barci ya ƙi zuwa: Zabura 23 mai aya shida, Zabura 121 mai aya takwas, Addu'ar Ubangiji a Matiyu 6, Romawa 8:38-39. A tsaya kuma a kan fassara ɗaya. Cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa ya fito tun 1932, an kuma yi wasu fassarorin bayansa, kalmominsu sun sha bamban. In malamar bana ta koyar da wannan, ta baɗi ta koyar da wancan, ayar takan cakuɗe a bakin yaro har ya rasa duka biyun. Harshen da za a haddace da shi ya zama wanda yaron ke kuka da shi in ya ji ciwo, domin da shi zai yi addu'a ranar da ta ɓaci.

Ku duba irin ayoyin da ake zaɓa. Yawanci na biyayya ne da na nasara. Suna da kyau, amma mutum ɗan shekara 25 da ya faɗi cikin zunubin da yake jin kunyar faɗa, 1 Yahaya 1:9 yake bukata. Wanda shakka ta kama, yana bukatar kukan mahaifin nan na Markus 9:24, wanda ya ce ya gaskata, a taimaki rashin bangaskiyarsa. Wanda ya yi addu'a shekara biyu ba amsa, yana bukatar sanin cewa Zabura 13 da tambayar "har yaushe?" ta fara. In ba a ajiye masa waɗannan tun yana yaro ba, ranar da ya buɗe rumbun zai tarar babu abin da ya dace da yunwarsa.

Waƙa ta fi komai daɗewa. Masu jinyar tsofaffin da mantuwa ta kama sun san cewa mutum kan manta sunan ɗan cikinsa, amma a ɗauko waƙar da ya koya yana yaro sai leɓɓansa su fara motsi. To, mene ne muke sa wa yara a wannan ma'ajiya mai ƙarfi haka? Gajerun waƙoƙi masu tafi da tsalle suna da wurinsu, ƙanana na bukatarsu. Amma a kowace shekara a koya musu waƙoƙi shida daga cikin waɗanda manya ke rerawa a sujada, dukan baitocinsu, wata biyu kowace ɗaya. Ma'aunin zaɓe mai sauƙi ne: za a iya rera wannan waƙar a gefen gadon asibiti, ko a bakin kabari? In dukan waƙoƙin yaro na ɗakin yara ne kaɗai, ranar da ya shiga sujadar manya zai ji kansa baƙo, in ya girma kuma sai ya ɗauka bangaskiyar kanta kayan yara ce da aka bari tare da su. Wani dattijo ko mai koyar da mawaƙa ya zauna ya karanta kalmomin kowace waƙa kafin ta shiga aji. Akwai masu daɗin kiɗa da ke yi wa yara alkawarin abin da Allah bai alkawarta ba.

Nan muka zo kan abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya, wato yadda ake ba da labaran Littafi Mai Tsarki. Ana yanke su a inda suka yi daɗi. Dawuda ya kashe Goliyat, shi ke nan, ku zama jarumai. Kifi ya amayar da Yunusa, shi ke nan, ku yi biyayya. Ba a kai yara sura ta 4, inda annabin ya zauna yana fushi domin Allah ya ji tausayin Nineba, alhali nan ne zuciyar littafin take. Ba a gaya wa 'yan shekara 11 cewa Dawudan nan ya ɗauki matar Uriya ya sa aka kashe mijin, annabi Natan ya tsaya a gabansa ya tona shi, kuma daga nan Zabura 51 ta fito. Ba a tsaya a kan Bitrus da ya yi musun Ubangijinsa sau uku, aka kuma mai da shi bakin aiki. Sakamakon shi ne yaro ya fita da darasi guda: yi kirki, Allah zai so ka. Wannan darasin yana aiki har zuwa ranar da ya yi abin da ba kirki ba. A ranar sai ya yanke wa kansa hukunci cewa ƙofa ta rufe, ya janye a hankali, mu kuma mu ce duniya ta ja shi. An bar jaki ana dukan taiki. Bishara ce ba a ba shi ba tun farko.

Haka batun addu'a. In an koya wa yaro cewa duk abin da ya roƙa da bangaskiya zai samu yadda ya roƙa, to ranar da ya yi azumi a kan mahaifiyarsa ta kuma rasu, abu biyu ne za su rage masa: ko Allah ya yi ƙarya, ko shi ne bai isa ba. Dukansu suna kashe addu'a. Tun daga ajin 7 zuwa 9 a nuna musu Yesu a Getsamani yana roƙon a ɗauke masa ƙoƙon, yana kuma miƙa kansa ga nufin Uba. A ajin manya a nuna musu Bulus da ya roƙa sau uku a cire masa ƙaya, aka amsa masa da cewa alherin Ubangiji ya ishe shi. Ba mu ce a ɗora wa ɗan shekara 5 abin da ya fi ƙarfinsa ba. Kowane aji da gwargwadonsa. Amma kada a gaya wa yaro abin da dole sai ya warware shi in ya girma.

A bar su su yi tambaya. Luka 2:46 ya nuna Yesu yana ɗan shekara 12 zaune a tsakiyar malamai, yana sauraronsu yana yi musu tambayoyi. A ajiye akwati a ajin manya, kowa ya jefa tambayarsa ba suna, a ware Lahadi ɗaya a wata don amsawa. Za su tambayi wa ya yi Allah, me ya sa jarirai ke mutuwa, ina abokinsu da ba Kirista ba zai je. Malamin da bai san amsa ba ya ce, "Ban sani ba, zan bincika," ya kuma dawo da abin da ya samo mako mai zuwa. Wanda ya daka wa yaro tsawa a kan tambaya ya koya masa cewa coci ba wurin kawo abin da ke damun mutum ba ne, kuma yaron zai riƙe wannan darasin fiye da kowace aya. Bayan shekara goma, tambayar tana nan, sai dai a intanet zai kai ta, wurin duk wanda ya fara amsawa.

Sanda kuwa ba ta da wuri a ajin nan. Kada a hori yaro da haddar aya, kada a sa shi durƙuso yana riƙe da Littafi Mai Tsarki a sama, kada a yi amfani da wutar jahannama don a sa aji ya yi shiru. Zuciya takan ɗaure abu da yanayin da ta same shi a ciki. Maganar Allah da ta shiga tare da zafin bulala, da zafin za a riƙa tuna ta.

In kun tambayi matasan nan me suka fi tunawa, da wuya su ce darasi kaza. Mutum za su ambata. Malamar da ta durƙusa daidai tsayinsu ta ɗaure musu igiyar takalmi tana tambayar jikin kakarsu. Malamin da ya lura ba su zo ba. Don haka malami ya zauna da aji ɗaya aƙalla shekara biyu, a daina juya su kowane mako kamar masu gadi. A riƙe rajista ta gaske, da sunan yaro, ranar haihuwarsa da sunan mai kula da shi. Yaron da ya yi fashin Lahadi biyu a jere, a nemi gidansu kafin ta uku. Su ma malaman a kula da su. Akwai waɗanda suka shekara biyar ba su ji wa'azi ko ɗaya ba saboda ajinsu yana tafiya lokaci ɗaya da sujada, rijiyar da ake ɗiba ba a bari ta taru kuwa ƙafewa take. A tsara yadda kowane malami zai zauna a sujada aƙalla sau biyu a wata, a kuma tara su horo sau huɗu a shekara, fasto da kansa ya zauna da su. Robert Raikes, wanda ya fara tara yaran da ke aiki a masana'antu a Gloucester ta Ingila a 1780, biyan matan da ke koyar da su yake yi. Ko ba za a biya namu ba, kada a bar su suna sayen alli da takarda daga aljihunsu.

Akwai maganar da ba a son ɗagawa, amma dole ne. Ba kowa ke da ƙuruciyar coci mai daɗin tunawa ba. Wasu a can aka cuce su, a hannun wanda aka amince da shi. Ƙa'idojin kariya ba su da tsada: manya biyu a kowane aji a kowane lokaci, ƙofa a buɗe, ba babban da zai keɓe da yaro shi kaɗai, ba wanda zai fara koyarwa sai ya yi aƙalla wata shida a ikkilisiya an kuma bincika halinsa a inda ya fito, kuma a san wanda zai ɗauki kowane ƙaramin yaro in an tashi. In yaro ya kawo ƙara, a saurare shi, a janye wanda ake zargi daga cikin yara nan take, a kai maganar ga hukuma. Rufa-rufa don kare sunan coci ita ce ke kashe bangaskiyar gida guda har jikoki. Kun san abin da Ubangiji ya faɗa a Matiyu 18:6 game da dutsen niƙa.

Kwana 13 ba za su yi aikin gida ba. Maimaitawar Shari'a 6:7 ta ɗora koyarwar a kan iyaye, a zaune a gida, a kan hanya, da kwanciya da tashi, Timoti kuma daga kakarsa da mahaifiyarsa ya gāji bangaskiya. Iyaye da yawa suna so, ba su san ta inda za su fara ba ne. A ba su abu ƙarami da za su iya riƙewa: minti goma da dare, a karanta 'yan ayoyi, a bita katin wata, kowa ya faɗi abu ɗaya na godiya da abu ɗaya na roƙo. Wanda aka ce ya yi awa guda, kwana uku zai yi ya bari.

Sai ramin da muka fi zubar da yara a ciki. Masu binciken ƙwaƙwalwa sun lura cewa in aka ce dattijo ya faɗi abubuwan da ya fi tunawa a rayuwarsa, mafi yawansu daga tsakanin shekara 10 zuwa 30 suke fitowa. A daidai farkon wannan zangon ne muke sallamar yaro daga makarantar Lahadi. Jiya yana da malama da ta san sunansa, yau yana bayan taron mutum ɗari uku, wa'azin minti 50 yana wucewa ta saman kansa. Ajin baftisma ma ya koma kamar jarrabawar fita: a haddace amsoshi, a shiga ruwa, a karɓi takarda, daga nan ba mai sake tambayarsa. Muna roƙon a buɗe aji na 13 zuwa 17 da malaminsa na dindindin. Shekara guda kafin yaro ya bar ajin yara, ya riƙa zama a sujadar manya sau ɗaya a wata tare da malaminsa, a bayyana masa abin da ake yi da dalilinsa, musamman Jibin Ubangiji. A ba shi aiki na gaske, karatun nassi a gaban jama'a, karɓar baiko, taimakon ƙananan aji, bin dattijo gaida marar lafiya. A haɗa kowane matashi da babba ɗaya da ba mahaifinsa ba, wanda zai neme shi ko sau ɗaya a wata. Ranar da zai tafi karatu ko aiki a wani gari, kada a tsaya a addu'ar sallama. A nemo ikkilisiya a can, a ba shi sunan mutum ɗaya da zai tarbe shi, a kira shi a cikin makonni huɗu na farko, domin a nan ne sabon tsarin rayuwarsa ke kafuwa, da coci ko babu.

Waɗanda kuma kewa ta riga ta fara jawowa, suna leƙowa a benci na ƙarshe, a yi hattara da su. Kada a tare su a bakin ƙofa da "Ina ka shige?" a gaban mutane. A ce an ji daɗin ganinsu, a kira sunansu, a bar sauran zuwa wani zama. Kada kuma a yi musu alkawarin cewa za su sake jin abin da suka ji suna shekara 8. Ba zai dawo a wannan siffar ba, kuma in sun zauna jiransa za su sake tafiya. Abin da za a ba su shi ne Allahn nan dai da suka sani suna yara, amma yanzu su san shi da hankalin manya. Ƙungiya ta mutum shida zuwa takwas, a karanta Bisharar Markus, sura 16 ce, biyu a mako, wata biyu an gama, kowa da 'yancin faɗin inda ya kasa gaskatawa. Wanda ya ce ya kasa addu'a, a ce ya karanta Zabura ɗaya da murya kowace rana, cikin wata biyar ya ƙare 150, a hanya kuma zai gamu da Asaf a Zabura 73 yana cewa ƙafafunsa sun kusa zamewa. Toma ya yi mako guda cur yana shakka a tsakiyar almajirai, ba wanda ya kore shi, Yahuza 22 kuma ta ce a ji tausayin masu shakka. A lura da abu ɗaya: in kewar ta zo da rashin barci, rashin cin abinci, janyewa daga mutane da rashin jin daɗin komai har sama da mako biyu, ko mutum ya fara maganar gajiya da rayuwa, a yi masa addu'a a kuma raka shi wurin likita, kada a tsaya a ɗaya.

Iyayenmu, ga abin da muke roƙo a zamanku na gaba. Ku ba aikin yara da matasa layinsa a kasafin ikkilisiya, a rubuce, kada ya zama abin da ya rage bayan gini da kayan kiɗa. Ku naɗa dattijo ɗaya da zai riƙa shiga azuzuwan da ƙafarsa, ya kawo muku rahoto kowane wata uku. Sannan ku sa a nemo rajistar makarantar Lahadi ta shekara goma da suka wuce, in tana nan. Ku karanta sunayen da murya, ɗaya bayan ɗaya, ku tsaya a kan kowanne ku tambayi inda yake yau. Waɗanda ba wanda ya san amsarsu, ku raba su a tsakaninku, kowane dattijo ya ɗauki uku, ya neme su kafin wata ya ƙare.

Mu ne naku cikin hidimar Ubangiji,
Malaman makarantar Lahadi da masu hidimar matasa